Tambaya da Amsa: Na goge ɗigon da ke jikin zakin

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni mai koyon zane ce a kwamfuta. An ba ni aikin sake zana tsohon tambarin wani gida na Ingila daga hoton baƙi da fari da aka ciro a littafi. Garkuwa ce da zaki a tsaye, da kwalkwali a samanta. Mai aikin ya ce garkuwar ja ce, sai na yi wa zakin shuɗi. Akwai ɗigo-ɗigo a jikinsa, na ɗauka dattin takarda ne na goge. Na kuma juya shi ya kalli dama saboda can rubutun yake. Da na tura, sai aka dawo mini da shi, wai wannan ba tambarinsu ba ne. Ina na kuskure?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Ɗigon nan da kika goge shi ne ya faɗa miki launin zakin. A da, masu buga littattafai ba su da halin sa launi, sai suka riƙa nuna shi da layuka da ɗigo. Tsarin da ya fi yaɗuwa ana jingina shi ga wani malamin Kirista ɗan Italiya, Silvester Petra Sancta, wanda ya wallafa shi a 1638. A tsarin, ɗigo-ɗigo zinariya ne, fili ba komai azurfa, layuka a tsaye ja, layuka a kwance shuɗi, layukan tsaye da na kwance da suka ratsa juna baƙi. Kore da shunayya kuwa layukan karkace ne, kowanne da ɓangaren da yake gangarawa. Koma ki duba hoton, ina kyautata zaton za ki ga layuka a tsaye a filin garkuwar. Zakinki na zinariya ne.

Ko da ba ɗigon, shuɗi a kan ja zai sa duk wanda ya san fannin ya ja baya. Manyan launukan tambari kashi biyu ne. Akwai ƙarafa biyu, zinariya da azurfa, waɗanda ake zanawa da rawaya da fari. Akwai kuma launuka: ja, shuɗi, kore, baƙi da shunayya. Ba a ɗora launi a kan launi, ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe. Dalilin a fili yake, garkuwa abu ce da ake so a gane daga nesa, cikin ƙura da gudun dawaki. Dubi zakuna uku na Ingila, zinariya a kan ja, ko zakin Sikotilan, ja a kan zinariya. Tambarin tsohuwar daular Kudus ta 'yan Salibiyya, mai giciyen zinariya a kan azurfa, ya yi suna ne saboda ya saɓa wa wannan doka. Shuɗin naki ma yana da gurbinsa: harshe da faratan zakin zinariya a kan ja yawanci shuɗi ake yi musu, kamar na Ingila.

Juya zakin shi ya fi damuna, domin nan ne kwamfuta ta fi cutar masu zane. Danna maɓalli ɗaya, hoto ya birkice kamar a madubi, ido kuma bai ga laifi ba. A wannan fanni dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ne, wanda ke bayanta. Damarsa ita ce hagunki. Dabba kuma, in ba a faɗi akasin haka ba, damar garkuwa take fuskanta, wato hagun mai kallo. Da kika juya shi, kin zana tambarin da zai iya zama na wani gida dabam. Na taɓa ganin aikin da aka juya garkuwa mai ratsin karkace, har aka buga katuna aka raba kafin wani dattijo a gidan ya lura ratsin ya koma ɗaya ɓangaren. Ran mutumin ya ɓaci ƙwarai, kuma da gaskiyarsa, alamar kakanninsa ce. In rubutu ya takura, rubutun za ki matsar.

Shawarata babba ita ce ki nemi rubutaccen bayanin tambarin kafin ki sake taɓa komai. Turawa na kiransa bilazon, gajeren jawabi ne da ke faɗin launin fili, abin da ke kansa, tsayuwarsa da adadinsa. Shi ne tambarin, hoto fassararsa ce kawai. A Ingila hukumar da ke bayar da tambura, College of Arms da ke Landan, tun 1484 take, kuma tana adana irin waɗannan bayanai. Mai aikin ya duba takardun gidansu ko ya tuntuɓe ta. Abin da bayanin bai ƙayyade ba naki ne: ƙirar garkuwar, yawan gezar zakin, irin jan da kika zaɓa. Ba lambar launi ɗaya da aka wajabta, muddin ja ya fito ja sosai, bai karkata zuwa ruwan goro ba.

Game da sheƙi da inuwa, ni ba na son su. Rawaya tsantsa ta fi wannan zinariyar mai walƙiya da manhajoji ke bayarwa, wadda in aka ƙanƙanta zanen sai ta koma ruwan ƙasa.

Sai saman garkuwa. Tsakanin kwalkwali da alamar da ke bisansa akwai murɗaɗɗen yadi kamar gammo. Murɗi shida ake nunawa, ƙarfe da launi bi da bi, a fara da ƙarfe daga damar garkuwa. Yadin da ke zubowa daga kwalkwalin yawanci launi ne a waje, ƙarfe a ciki. Shi kansa kwalkwalin a Ingila matsayi yake nunawa: na sarki zinariya ne yana kallon gaba, na mai muƙamin jarumi, wanda Turawa ke kira knight, baƙin ƙarfe ne da buɗaɗɗiyar fuska, na waɗanda ba su da muƙami rufaffe ne yana kallon gefe. Kada ki sauko da wanda ya burge ki daga intanet ki manna, ki zana wanda ke cikin tsohon hoton.

Ki yi aikin a manhaja irin Inkscape, ki adana shi a SVG, wato tsarin fayil ɗin da zane ba ya dushewa in an ƙara girmansa, kowane sashe a shimfiɗarsa. Kafin ki tura, rage girmansa ya koma kamar farcen babban yatsa ki duba ko har yanzu ana gane zaki ne.