Amsa: Tallafi ga mai jinyar uwa mai cutar mantuwa

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba Mama sauƙi. Kin ce kin ajiye aiki don kula da ita, kina tambayar ko akwai tallafin kuɗi.

Ki fara da takardar likita mai tabbatar da cutar. In babu ita, wasu ƙofofin da kika ƙwanƙwasa za a iya dawo da ke. Tallafin kan kasu biyu, na mara lafiya da na mai jinya. A Birtaniya, alal misali, mai jinya na samun alawus in yana ba da aƙalla awa 35 a mako, amma sai in mara lafiyar na karɓar nata tallafin.

Wajen cike fom ne mutane ke cutar kansu. Kunya kan sa a rubuta "tana iya wanka da kanta". A'a, ki faɗi yadda ranar tsanani take: ta bar murhu a kunne, ta tashi ƙarfe 3 na dare tana laluben ƙofa. Ni littafi na ajiye lokacin jinyar Baba, ina rubuta komai.

Sannan ki hanzarta yin takardar wakilci kan kuɗinta tun tana gane abin da take sa wa hannu. In abin ya yi nisa, sai an bi ta kotu.