Amsa ga ƙanwarmu mai son aikin kula da halayyar yara a sukul

Assalamu alaikum. Tun shekaranjiya na ga tambayar ƙanwarmu da ta ce ta gama digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Gana da ke Legon, tana bautar ƙasa yanzu, tana son sanin ko akwai aikin kula da halayyar ɗalibai a makarantun Gana, ko kuwa a ƙasar Turawa kawai ake jin labarinsa. Ta kuma ce a gida ana ta tambayarta ko mahaukata za ta riƙa yi wa magani. Na jira wani ya amsa, na ga shiru ya yi yawa. Shekarata 14 ina wannan aiki a Kumasi, tsakanin Aboabo da Asawase, bari in gaya miki abin da idona ya gani.

Aikin yana nan, amma ba da sunan da kike nemansa ba. A sukul ɗin gwamnati da wuya ki ga gurbin da aka rubuta wa masanin halayya. Abin da ke akwai shi ne sashen jagoranci da ba da shawara na GES, wato hukumar ilimi ta Gana, wanda aka fara a makarantun sakandare tun 1976, kuma yawancin masu riƙe da shi malaman aji ne da aka ɗora wa ƙarin kaya. Ni kaina har gobe ina shiga aji, albashina na ticha ne, ba a ƙara mini ko sidi ɗaya don yara suna kirana Madam Kaunsela ba. Saboda haka in gwamnati kike so, ki nemi takardar koyarwa a jami'ar Cape Coast ko ta Winneba, ki rubuta jarrabawar lasisin malamai da aka fara a 2018. In kuwa so kike ki amsa sunan cikakkiyar masaniyar halayya, ki riƙa yi wa yara gwaji kina sa hannu a rahoto, digiri na farko ba zai kai ki ba. Sai kin yi na biyu, kin yi rajista da hukumar masana halayya, Ghana Psychology Council, wadda dokar 857 ta 2013 ta kafa. Manyan makarantun kuɗi na Akra su ne suka fi ɗaukar mutum don wannan aiki kaɗai, kuma a can kuɗin ya fi.

Wannan maganar takarda ke nan. Abin da ya sa na zauna rubutu daban ne. Ke 'yar Zango ce, kina jin Hausa, kin yi makarantar allo, kuma wallahi wannan shi ne abin da yaranmu suka rasa a ofisoshin nan. Yaro zai iya amsa tambayar aji da Turanci, ya yi ciniki da Tonanci, wato Twi, amma ranar da zuciyarsa ta cika, da harshen da uwarsa ke yi masa faɗa zai yi kuka.

Akwai wani yaro da ba na mantawa. Shekararsa 13, yana ajin farko na ƙaramar sakandare, kowa ya yanke masa hukunci cewa daƙiƙi ne. Aka turo mini shi don ya ƙi yin aikin gida sati uku. Na ba shi littafi na ce ya karanta. Ya ɗora yatsa a kan layi, ya karanta tiryan-tiryan, sai na lura yatsan yana layi na biyu, bakinsa kuwa ya kai na biyar. Abin da yaron da ke kusa da shi ya karanta da safe ne ya haddace. Na buɗe wani shafin da ba a taɓa yi musu ba, sai ya yi shiru, gumi ya tsattsafo masa a goshi, yana ta murza gefen takardar har ta yage.

Ranar Asabar na bi shi makarantarsu ta allo. Malaminsa ya yi mamakin jin wai ana kiransa daƙiƙi, ya ce duk cikin sa'o'insa ba wanda ya kai shi hadda, sau biyu ake biya masa ya riƙe. Na ce, Malam, wa ke rubuta masa allo? Malam ya ɗan yi jim, ya ce yayansa. A nan na gane matsalar ba ta Turanci ba ce, ba kuma ta lalaci ba. Ƙwaƙwalwarsa ce ke shan wahalar haɗa harafi da sautinsa, ko baƙin Larabci ne ko na boko, alhali kunnensa kamar rikoda. Shekara bakwai yana shan bulala a kan abin da ba shi ya ɗora wa kansa ba.

Babansa ya riga ya gama magana da wani mai gareji a Suame Magazine don ya cire shi daga sukul ya kai shi koyon aiki. Da ni kaɗai na je masa da kalmomin jami'a, da ya ba ni ruwa ya sallame ni. Tare da Malam muka je bayan magariba, muka zauna a benci a ƙofar gida, Malam ne ya fara cewa, Alhaji, yaron nan Allah ya ba shi kai, ido ne da takarda ba su shirya ba. Ni kuma na roƙi shekara biyu. Muka riƙa zama da shi minti 20 kullum kafin a shiga aji, harafi da sauti, harafi da sauti, darasin sauran fannoni kuma wani abokinsa ya karanta masa da ƙarfi. Bai zama na ɗaya ba, har yau karatunsa a hankali yake. Amma ya ci BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, gwargwado, ya shiga makarantar koyon sana'a, ya karanci aikin lantarki da takardar shaida a hannunsa.

Haka kuma maganar aljanu. Za a kawo miki yarinya ta faɗi a filin taro tana sandarewa, kafin ki iso an fara tofa mata ayoyi. Kada ki kuskura ki buɗe baki ki ce wa iyaye babu iska, daga ranar kin rufe ƙofarki da hannunki. Ni abin da nake cewa shi ne, a ci gaba da ruƙiya, mu kuma je asibitin Komfo Anokye likita ya duba, Annabi ma ya ce a nemi magani. Wata farfaɗiya ce, wata yunwa ce don ba ta karya ba, wata tsoron jarrabawa ne, wata kuma abin da ake yi mata a gida ne ba ta da bakin faɗa sai jikinta ya faɗa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi komai nauyi, wato amana. A Zango kowa ɗan'uwan kowa ne. Yarinya za ta gaya miki sirrinta ranar Alhamis, ranar Lahadi ki haɗu da gwaggonta a wajen suna, ta jawo kujera kusa da ke, ta zuba miki waakye, ta ce, 'yar nan tana yawan zuwa wajenki, me take cewa ne? In kika saki ko rabin kalma, kafin Litinin duk yaran sukul sun sani, ba wanda zai sake taka ɗakinki. Sai ki koyi murmushi ki ce, karatu muke yi, Hajiya. Amma tun zaman farko nake gaya wa kowane yaro cewa abu biyu ba zan rufe ba: in ransa na cikin haɗari, ko in wani yana taɓa shi. Wannan na hukumar jin daɗin jama'a ne da DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida, dokar yara ta 1998 ma tana bayan yaron. Na taɓa kai irin wannan ƙara, aka yi wata shida wasu a unguwa ba sa amsa gaisuwata. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma in ya sake faruwa zan sake kaiwa. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa mana shi ne gyaran da majalisa ta yi a 2023, da ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka. Da can iyaye ɓoye yaro suke yi don tsoron 'yan sanda.

Ki kuma shirya wa shugabannin da ba su fahimci aikin ba. Tun da GES ta hana bulala, wani hedimasta da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya mai da ni madadinta, duk wanda ya makara ko ya yi faɗa sai a ce, tafi wajen Madam. Ɗakin da ya ba ni kuwa sito ne na littattafai, ƙofarsa ba ta rufuwa, malamai na shiga suna fita. Sai da na yi zango guda ina zama da yara a gindin bishiyar mangwaro a bayan aji, inda kowa ke hango mu amma ba mai jin mu, kafin aka gyara ƙofar.

Shawarata, kada ki jira gama digiri na biyu kafin ki fara zama da yara. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES suna nan a Nima da Maamobi da Madina, ki je ki gaida shugaba, ki nemi yini ɗaya a sati. Ki samu wata babba a aikin da za ki riƙa kai wa abin da ya fi ƙarfinki, don akwai daren da labarin yaro zai hana ki barci. Mama kuma ki ce mata aikinki shi ne gano abin da ke hana yaro karatu tun kafin ya lalace, za ta gane, don ta san irin yaran a layinku. In kin shigo Kumasi kafin hutu, ranar Laraba bayan la'asar nake zama da iyaye. Ki yi mini magana da wuri, don sai na nemi izininsu kafin ki zauna tare da mu.