A wasan ches, idan fari ya buɗe da e4 (ya tura sojan gaban sarkinsa gida biyu), me baƙi zai mayar?

Ɗan'uwa, ka ce a majalisarku ta Ƙofar Ƙaura duk wanda ya buɗe maka da e4 sai ya ruɗa ka tun wasan ches bai yi nisa ba. Ni dai Caro-Kann, wani salon buɗe wasa na baƙi, nake ba masu koyo shawara. Salon Sicilian ma na da kyau, amma haddarsa ta yi yawa ga mai farawa.

A Caro-Kann, ka mayar da c6, in ya zo d4 ka buga d5 (harafi da lamba sunan gidan da za a tura soja ne). Daɗinsa shi ne bishof ɗinka na c8 yana fita zuwa f5 kafin ka rufe da e6. In fari ya tura e5, fito da bishof ɗin nan, sannan e6, daga baya c5 don ka taɓa tsakiyarsa. Karpov, tsohon zakaran ches na duniya, ya daɗe yana amfani da shi.

Amma ka kiyayi wannan tarkon: bayan Nc3 dxe4, Nxe4 Nd7 (N na nufin doki, x kuma ci), in ya sa sarauniya a e2 kai kuma ka kawo dokinka na g8 zuwa f6, Nd6 kawai zai buga, sarkinka ya mutu a taku na 6.

Kada ka tsaya ga hadda. Rubuta wasanninka, ka duba su a Lichess, shafin ches na intanet, sannan ka sami wanda ya fi ka hannu ya zauna da kai, musamman kan ƙarshen wasa.