Amsa Ga Ƙanena Mai Son Zuwa Kanada Saboda Finafinan Jarumai

Ƙanena Nazifi, saƙonka ya iso ni, kuma na duba zane-zanen da ka turo ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba ka hannu, ba don in faranta maka rai na faɗa ba. Ka ce tun kana sakandare kake bin labaran jaruman Marvel, kamfanin littattafan zane na Amurka, kana jin haushin yadda fim ke sauya abin da ke cikin littafin zane, kuma burinka ka zo Vancouver, nan Kanada, ka yi kwas ɗin fim na shekara ɗaya, ka shiga sahun masu mayar da waɗannan littattafai fim. Ka ƙara da cewa Baba ya yarda zai sayar da filinsa idan ka samu gurbi. Maganar filin nan ce ta hana ni ba ka amsa a gurguje.

Bari in fara da haushin naka, domin a cikinsa sana'ar take. Ɗauki Civil War, tunda shi ka ambata. Littafin ya fito daga 2006 zuwa 2007, fitowa bakwai, Mark Millar ya rubuta, Steve McNiven ya zana. A cikinsa wani abu ya fashe a garin Stamford, mutum fiye da 600 suka mutu har da 'yan makaranta, sai gwamnatin Amurka ta kafa doka cewa duk mai ƙarfi na musamman ya yi rajista, ya bayyana mata sunansa na gaskiya. Rigimar duka a kan rufin asiri take, shi ya sa lokacin da Spider-Man ya cire abin rufe fuskarsa a gaban 'yan jarida masu karatu suka girgiza.

To, sai ka sa kanka a kujerar Christopher Markus da Stephen McFeely, waɗanda suka rubuta fim ɗin da aka yi daga littafin a 2016, Captain America: Civil War. Tun ƙarshen fim ɗin Iron Man na 2008 Tony Stark ya riga ya shelanta wa duniya cewa shi ne Iron Man. Kyaftin ɗin ma, wato Captain America, kowa ya san sunansa, har baje koli aka yi masa a gidan tarihi. Asirin wa za a tona? Dole rigimar ta koma kan wata tambaya: wa zai riƙa ba su izinin fita aiki? Nan aka kawo yarjejeniyar da ƙasashe 117 suka amince da ita, a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, aka ɗauke musibar daga Stamford aka kai ta Legas. Ita ma Legas ɗin a Atlanta aka gina ta. Duk ɗan Najeriya da ya kalla da kyau zai gane ba kasuwarmu ba ce.

Akwai kuma abin da bai shafi basira ba ko kaɗan. A littafin, Reed Richards, jagoran jaruman Fantastic Four, yana cikin manyan masu goyon bayan dokar, amma a lokacin kamfanin Fox ne ke riƙe da haƙƙin yin fim da shi da 'yan X-Men, Disney, mai kamfanin Marvel, bai sayi Fox ba sai 2019. Spider-Man kuwa yana hannun Sony, sai da aka ƙulla yarjejeniya a farkon 2015 kafin a iya saka shi. Littafi zai iya zuba jarumai hamsin a shafi guda, kuɗin tawada ne kawai da gumin mai zane. A fim kowace fuska kwantiragi ce, albashi ne, ranakun ɗauka ne. Shi ya sa faɗan filin jirgin sama ya tsaya a mutum 12, shida nan, shida can. Kuma tunda minti 147 ba za su ɗauki siyasar ƙasa gaba ɗaya ba, sai suka matse labarin ya koma kan mutum uku da wani tsohon jini: abokin Kyaftin ne ya kashe iyayen Tony. A ganina wannan sauyin ya yi daidai, domin mai kallo a silima ba zai zubar da hawaye saboda sashe na kaza na doka ba, amma zai ji zafin ɗan da ya ga yadda aka kashe mahaifiyarsa.

Na tsawaita a nan ne don ka ga su wa ke yanke wannan hukunci. Marubuta biyu ko uku ne, da darakta, da furodusa, da lauyoyi, kuma yawancinsu a Los Angeles suke zaune. Ba a ɗauko ɗan makaranta daga kowace ƙasa a ba shi wannan kujera. Waɗanda suke kanta sun shafe shekaru suna rubuta wasu abubuwa kafin a kira su.

Abin da ake yi a Vancouver daban ne. Ana ɗaukar fim a nan, haka ne, Deadpool na 2016 a titunan garin nan aka yi shi. Amma babbar ƙofar da baƙo irina ya shigo ta ita ce siddabarun hoto na kwamfuta, abin da ake ce wa VFX. Sony Pictures Imageworks da ILM da DNEG duk suna da ofisoshi a nan, saboda gwamnatin lardinmu na British Columbia tana mayar wa kamfanoni wani kaso na albashin da suka biya mazauna lardin, ga kuma agogonmu kusan ɗaya da Los Angeles. Ni aikina haɗa hoto ne. Za a turo min guntun ɗauka na daƙiƙa huɗu, wato firam 96, jarumi yana rataye da igiya a gaban koren ƙyalle. Ni zan goge igiyar, in dasa birnin da wani ya gina a kwamfuta a bayansa, in daidaita haske da hayaƙi har ido ya yarda. Wani lokaci mako uku nake yi a kan waɗannan daƙiƙu huɗu, a dawo min da su sau goma sha. Sau da yawa ba na sanin abin da ya faru kafin sin ɗin ko bayansa sai ranar da na sayi tikiti kamar kowa. Ina son aikin nan ƙwarai, yana ciyar da iyalina, kuma akwai daɗi idan ka ga abin da ka yi a babban allo. Amma ko kalma ɗaya ta labarin ban taɓa sauyawa ba, kuma ba a taɓa tambayata ba.

Don haka ka zauna ka tambayi zuciyarka: labari kake so ka gina, ko hoto? Idan hoto ne, hanya tana nan, sai dai ta ƙuntata. Daga Janairun 2024 Kanada ta ƙayyade yawan takardun izinin karatu, ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna na zama daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635, kuma an sake ƙarawa bayan nan. Wannan ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Hayar gida mai ɗaki ɗaya a garin nan ta haura dala 2,000 a wata, kuma awa 24 kawai aka yarda ɗalibi ya yi aiki a mako a wajen makaranta lokacin karatu. Abin da ya fi cutar da yaranmu shi ne wannan: makarantun kuɗi da yawa masu kwas ɗin shekara ɗaya ba sa ba ka damar samun izinin aiki bayan kammalawa. Ka gama, takardarka ta ƙare, sai jirgi. Kafin ka tura ko sisi, ka shiga shafin hukumar shige da fice ta Kanada da kanka ka duba ko makarantar da kuma kwas ɗin suna cikin waɗanda aka amince wa. Kada ka dogara da bakin ejan.

Ita kanta sana'ar ba ta da kwanciyar hankali. Kwantiragi ake ba mu na tsawon fim, wata shida, wata tara. A 2023 marubuta suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118. Ba mu muka yi yajin ba, amma idan ba a ɗauki fim ba babu abin da zai iso teburinmu. Kamfanin da nake ya sallame mu da yawa, na yi wata biyar a gida. Ni na tsira saboda ina da takardar zama ta dindindin. Wani abokin aikina da izininsa ke ɗaure da kamfanin, dole ya tattara iyalinsa ya koma ƙasarsu cikin sanyin Disamba.

Idan kuwa labari ne a ranka, kamar yadda nake zato daga yadda ka rubuto min, to ba ka buƙatar biza kafin ka fara. A Legas Jide Martin ya kafa kamfanin littattafan zane na Comic Republic a 2013 da jaruman da suka ƙirƙira da kansu. 'Yan Kugali, wani kamfanin littattafan zane na 'yan Afirka, nasu labarin suka gina har Disney ta yi aiki da su, aka saki shirinsu mai suna Iwájú a 2024. Waɗannan an neme su ne saboda suna da abin da yake nasu. Kai kuma kana da Hausa, kana da tatsuniyoyin da ka ji a tsakar gida, ga Zoo Road kusa da kai inda za ka samu mai kyamara da edita. Ni ma a can na fara yanka bidiyo kafin in san akwai wani gari Vancouver.

Ga abin da nake so ka yi min nan da wata shida. Ka zana labarin jaruminka a shafi 22, tsawon fitowar littafi guda ke nan. Sannan ka mayar da shi rubutun fim na shafi 10, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Za ka tarar dole ka yar da wani da kake ƙauna, kuma tunanin da ka rubuta a cikin akwati a saman zane ba shi da wurin zama sai ka nuna shi a fuska ko a aiki. A gefe guda ka sauke manhajojin haɗa hoto na Blender da DaVinci Resolve, duka akwai na kyauta, ka haɗa ɗauka uku masu tsabta da wayarka. A wannan sana'a faifan minti ɗaya na aikinka ake fara kallo kafin a tambayi makarantar da ka yi. Ka turo min duka biyun, zan duba, zan kuma nuna wa waɗanda suka fi ni sani a nan.

Ka gaishe min da Baba da Umma da kyau. Ka ce wa Baba na ce don Allah ya bar filin nan tukuna, zan kira shi ranar Juma'a bayan sallar isha'i ta can mu yi magana.