Wane ƙaramin ƙarfen ɓamɓara ya dace da aljihun mai aiki a Jidda?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina tsaron wani kantin kayan gini a Jidda, kuma kullum ina cikin buɗe gwangwanayen fenti da cire ƙusoshi daga akwatunan katako. Sau biyu ke nan ina karya tsinin wuƙata a wannan aiki. Na ga ana sayar da ƙananan ƙarafan ɓamɓara na aljihu, na titaniyam masu tsada da na ƙarfe masu araha. Wanne zan saya, tunda jallabiya nake sawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wuƙarka ba ta yi laifi ba. Maƙera suna ƙara wa ƙarfen wuƙa tauri domin kaifinta ya daɗe, yawanci tsakanin 56 da 60 a ma'aunin tauri na Rockwell, kuma ƙarfen da ya kai wannan tauri, ga shi siriri a tsini, ba ya lanƙwasa idan aka danna shi ta gefe, sai dai ya ɓalle. Abin da kake nema ƙanen ƙarfen nan ne da masu kanti suke kira atala da Larabci, wanda aka ƙera da kauri domin ya jure dannawar da wuƙa ba ta jurewa.

Kafin ka tambayi kowane irin ƙarfe ne, fara duba bakinsa, domin a nan aikin yake. Baki mai kauri sosai ba zai shiga ƙarƙashin murfin gwangwanin fenti ba, mai siririn kaifi irin na wuƙa kuwa zai naɗe tun a makon farko. Wanda ya dace shi ne mai faɗi kamar na kurfi, wanda ya sirance a hankali daga jiki zuwa baki, jikin kuma yana da kaurin milimita 4 zuwa 5. Tunda kana cire ƙusoshi, lallai ya kasance da tsaga a tsakiyar baki, kuma ya ɗan karkata kusa da ƙarshe, domin wannan karkatar ce take dafa katako ta ba ka madogara idan ka danna. Miƙaƙƙen ƙarfe ɗoɗar yana da kyau a hoto, amma sai ka sa masa wani abu a ƙarƙashi kafin ya ɗaga ƙusa.

Tsawo shi ne ƙarfin hannunka. Waɗanda ake rataya a zoben makullai, irin su Gerber Shard mai kimanin santimita 7, suna buɗe murfi da kankare takardar da aka manna a jikin kaya, amma ba za su zare ƙusar da ta nutse a katako ba, don babu wurin da tafin hannu zai kama. Ga mai aiki irin naka ina ganin santimita 10 zuwa 12 ne daidai. Abin da ya wuce haka ya tashi daga kayan aljihu, gara ka ajiye cikakkiyar atala a bayan kanta.

Sai batun titaniyam. Nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin ƙarfe mai girmansa ba, kuma ba ya tsatsa, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a Jidda, inda raɓar Bahar Maliya da gumin jiki suke haɗuwa a kan duk abin da ya yini a aljihu. Wanda aka fi ƙera waɗannan kaya da shi ana kiransa mai lamba 5, an gauraya shi da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari. Rauninsa shi ne bai kai ƙarfe tauri ba, yana wajen 36 a ma'aunin da na ambata, saboda haka kan ƙusa yana cin tsagarsa sannu a hankali, kuma idan ka mayar da shi sukurdireba bakinsa zai murɗe. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin 420 ko 440C, ya fi shi jure ƙusa, ya kuma fi araha nesa ba kusa ba. Wanda zan hana ka a garin bakin teku shi ne nau'in ƙarfen da ake kira D2, domin duk da taurinsa yana ɗigon tsatsa idan ba a shafa masa mai. Da ni ne a kantinka, na ƙarfe zan saya, tunda ƙusa ce rabin aikin. Titaniyam na wanda aikinsa murfi ne da kwali. In kuwa ka zaɓe shi, gwada shi da maganaɗisu don ka tabbatar na gaske ne, domin titaniyam ba ya kamawa, ko da yake alminiyam ma haka ne, sai dai na alminiyam za ka ji ya yi sakayau a hannu.

Aljihun jallabiya na gefe yana da zurfi, yadinsa kuma sakayau ne, don haka ƙarfe mai kusurwoyi zai huda shi ko ya karce fuskar wayarka. Nemi mai gefuna a goge, da rami da za ka zura ɗan igiya ka riƙa jawo shi da ita, ko ka ɗinka masa kube na fata. Maƙalin da ake maƙalawa a bakin aljihu an yi shi ne don wando mai kauri. Kada kuma yawan ramuka ya ruɗe ka: kowane ramin sifana ko mabuɗin kwalba da aka huda a jikinsa ya rage masa nama ne a inda dannawa take taruwa.

Wasu, irin su Gerber Prybrid, suna da reza a ciki. Suna da amfani wajen yanka kwali, amma ba a shiga jirgi da su a jakar hannu, wanda ba shi da reza ma hukuncinsa yana hannun jami'an bincike, saboda haka ka sa shi a babbar jaka idan za ka tafi gida. Haka nan ka bar shi a masauki ranar da za ka je Harami. Kuma ko na titaniyam ne, wutar lantarki tana bin sa, don haka kada ka kusanci soket da shi, kada kuma ka ɓamɓari batirin waya, domin idan ya huje yana iya kamawa da wuta a hannunka.