Hukuncin Direban Da Ke Zuƙe Man Motar Maigidansa Saboda An Riƙe Masa Albashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni direba ne, shekara huɗu ke nan ina tuƙa wani bawan Allah da iyalinsa. Tunda man fetur ya yi tsada komai ya tashi, albashina kuwa yana nan inda yake. Kimanin wata takwas ke nan, idan ya ba ni kuɗi na cika tanki, sai in bari dare ya yi in sa tiyo in zuƙi lita biyar, wani makon goma, in kai wa wani mai sayarwa a bakin titi. Yanzu kuma wata biyu bai biya ni ba, kullum sai ya ce in ƙara haƙuri. Idan ya ce man yana saurin ƙarewa sai in ce cunkoso ne da na'urar sanyi. Kwanan nan ya fara zargin maigadinmu. Wani ɗalibin ilimi ya ce mini babu laifi, domin Annabi (SAW) ya ba Hindu izinin ta ɗauka daga dukiyar mijinta ba da saninsa ba. Shin abin da nake yi sata ce? Idan akwai biya a kaina, nawa zan biya, tunda kuɗin mai na lokacin da na fara ba ɗaya yake da na yanzu ba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya yaye maka ƙunci. Da zuciyarka ta gamsu da fatawar ɗalibin nan da ba ka rubuto ba, kuma wannan rashin natsuwar alheri ce, ka riƙe ta.

Ka sake duba lissafin da ka kawo da hannunka. Wata takwas kana zuƙar mai, wata biyu aka riƙe maka albashi. Ashe wata shida ka yi kana ɗiba alhali ana biyanka cif. Rashin albashin daga baya ya zo ya tarar da tiyo a cikin tanki, sai ya zama hujjar da ka samu a hanya. A kan wannan hukuncin zai ginu, domin abu biyu ka haɗa a tambayarka: albashin da bai isa ba, da albashin da ba a biya ba. Na biyun bashi ne tabbatacce a wuyan maigidanka. Na farkon kuwa ba bashi ba ne ko kaɗan. Kun yi yarjejeniya a kan adadi, kayayyaki suka yi tsada, kana da damar ka nemi ƙari ko ka ajiye makulli ka nemi wani aikin, amma ba ka da damar ka ƙara wa kanka albashi daga tanki.

Akwai abu ɗaya da zai iya juya hukuncin baki ɗaya, shi ya sa nake tambayar direbobi shi kafin komai. Da a ce maigidan ya yanka maka adadi ya ce, "Ga kuɗin man mako, in ya rage naka ne, in bai isa ba kai za ka cika," to ragowar halaliyarka ce, ka sha ko ka sayar. Amma mutumin da yake tambayarka me ya sa man ke saurin ƙarewa, har kana ƙirƙiro masa cunkoso, wannan bai mallaka maka ɗigo ɗaya ba. Amana ya ba ka.

Game da sunan abin: a wurin malaman fiƙihu ha'inci ne, wato cin amana. Satar da ake tsai da haddi a kanta ita ce a ɗauke dukiyar da ta kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku, a ɓoye daga ma'ajiyar da ba a yi wa mutum izinin shigarta ba. Kai kuwa da makulli a aljihunka kake kwana, kuma hadisin Jabir ya bayyana cewa ba a yanke hannun maha'inci. Wanda ya tsallaka gidan wani ya ɓalle murfin tankin motar da ke ajiye a kulle, wannan shi ne ɓarawo da sunansa, hukuncinsa kuma na alƙali ne, ba na 'yan unguwa masu sanduna da taya ba. Kada rashin haddi ya sanyaya maka rai. Wanda aka amince wa ya ci amana, ta wata fuskar ya fi ɓarawon dare muni, domin shi ɓarawo ana kulle ƙofa saboda shi, kai kuma ana ba ka makullin ƙofar. Haramcinsa babu saɓani a kai.

Yanzu maganar ɗalibin nan. Bai ƙirƙiri hadisi ba, kuma mas'alar sananniya ce, malamai suna kiranta mas'alatuz zafar: mutum ya samu dama a kan dukiyar wanda ya danne masa haƙƙi, shin zai ɗauki gwargwadon haƙƙinsa ba da sanin mai ita ba? Imam Shafi'i ya halatta. Asalin mazhabar Hanafiyya ta halatta idan abin da aka samu jinsi ɗaya ne da haƙƙin. Mashhurin zancen Imam Ahmad hani ne. Saɓanin gaskiya ne, ba na musun sa. Abin da nake musu shi ne a ɗauko shi a ɗora a kanka.

Hindu bint Utba ta je wurin Manzon Allah (SAW) ta ce mijinta Abu Sufyan mutum ne mai maƙo, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, sai aka ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon abin da aka saba. Ka lura, ƙara ta kai, a gaban shugaban al'umma ta faɗi damuwarta, aka iyakance mata abin da za ta ɗauka. Kai wa ka kai wa ƙara? Kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne mai ƙiyasta lita nawa ta dace da kai a wannan makon. Sannan haƙƙin Hindu a fili yake. Kowa ya san matarsa ce, kowa ya san ciyar da ita wajibi ne, in an gan ta tana ɗibar abinci a ɗakin mijinta babu mai kiranta ɓarauniya. A kan wannan bambancin ne Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka tsaya: inda dalilin haƙƙi yake bayyane kamar aure da zumunta, a ɗauka, inda yake ɓoye, har za a jingina wa mai ɗauka ha'inci, kada a ɗauka. Direban da aka haska da tocila da ƙarfe biyun dare yana tsugunne da jarka, wane suna za a kira shi?

Mu koma wurin malamanmu na Malikiyya, tunda wasu suna cewa sun halatta. Shaihu Khalil a Mukhtasar ya ce wanda ya samu iko a kan abinsa yana iya ɗauka, amma da sharaɗin ya aminta daga fitina da kuma abin kunya. A babin ajiya kuma ya ce wanda aka ba ajiya ba shi da damar ɗiba daga cikinta don mai ita ya zalunce shi. Masu sharhi sun yi magana mai tsawo a kan wannan jumla ta biyu, wasunsu sun rinjayar da halacci, amma ko su ba su jefar da sharaɗin farko ba. To, ina amincin fitina a wurinka? Fitinar ta riga ta auku, tana kan maigadi.

Za a ce hadisin "ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka" an yi magana a kan isnadinsa, wato jerin waɗanda suka ruwaito shi. Haka ne, an yi, ko da yake Tirmizi ya ce hadisi ne mai kyau. Mu ajiye shi gefe, mu ɗauki zancen Shafi'i yadda yake. Wanda ya halatta, ya halatta ne a ɗauki gwargwadon bashi tabbatacce, ba ƙari, daga wanda ya ƙi biya ko ya musanta. Bai halatta wata shidan farko ba, tunda babu bashi. Bai halatta ka ɗiba ba tare da lissafi ba. Kuma zan tambaye ka abin da na tabbata ɗalibin bai tambaye ka ba: ranar da maigida ya kawo albashin wata biyun nan cikakke, za ka ce masa ya cire kuɗin man da ka riga ka ɗauka? In amsarka a'a ce, to ba haƙƙinka kake karɓa ba, ninki biyu kake shirin ci. Mutumin ma bai musanta bashin ba, haƙuri yake ba ka, kuma ƙofar magana da shi, da sa manya a tsakani, da zuwa wurin hukuma, duk a buɗe suke.

Masu kafa hujja da shekarar yunwa ta zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 18 bayan hijira, su tuna haddi aka ɗage saboda shubuhar yunwa, ba a mayar da dukiyar mutane halal ba. A Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, akwai labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Umar ya ce wa ubangidansu yana ganin yunwa yake bar musu, ya fasa yanke hannunsu, ya kuma sa shi ya biya mai taguwa dirhami 800 a madadin 400. Imam Malik ya ce ba a aiki da ninka ƙimar, amma mai dukiya dai bai tafi hannu rabbana ba. Labarin nan ina so ya isa kunnen masu gidan da ke canza mota suna riƙe albashin direba. Jinkirin mawadaci zalunci ne, kuma wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Zunubinsa nasa ne, naka naka.

Sai batun biya, kuma a nan amsar ba za ta yi maka daɗi ba. Fetur abu ne da ake aunawa, lita ɗaya daidai take da 'yar'uwarta, irin wannan dukiya kuwa misalinta ake ramawa, ba kuɗinta ba. Lita ka ɗauka, lita ake binka. Abin da mai bakin titi ya ba ka a lokacin, wanda na san ya gaza kuɗin gidan mai, ba ya shiga lissafi. Idan za ka biya da kuɗi, to da farashin ranar da za ka biya ne. Wata takwas kusan mako 34 ne: in biyar-biyar ne lita 170, in goma-goma ne 340, gaskiyar tana tsakaninsu. Zauna ka tuna da kyau, ka ɗauki adadin da zuciyarka ta fi rinjaya a kai, ka ɗan karkata sama don kuɓutar da wuyanka. Ka ga ke nan duk ranar da mai ya ƙara kuɗi, nauyin da ke kanka ma ya ƙaru, jinkiri ba ribarka ba ne.

Hanya mafi tsafta ita ce ka same shi shi kaɗai, ka faɗa masa, ku cire abin da yake binka daga abin da kake binsa da yardar juna, ko ya yafe. Malamai sun sauƙaƙa wa mai tuba ya mayar da haƙƙi ta kowace hanya ba tare da ya tona kansa ba idan yana tsoron cuta, kamar ka riƙa zuba mai da kuɗinka kaɗan-kaɗan ba ka karɓi komai a kai ba, kana rubutawa har ya cika. Sadaka da sunansa ba ta wadatar, tunda ka san shi, ka san gidansa.

Sai dai wannan sauƙin bai rufe maganar maigadi ba, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai cikin duk wasiƙarka, ga shi ka ambace ta a layi ɗaya ka wuce. An bar jaki ana dukan taiki, kai kuma kana kallo. Talaka ne irinka, wataƙila ya fi ka 'ya'ya. In aka kore shi da sunan ɓarawo, ba aikin nan kaɗai ya rasa ba, wa zai sake ba shi gadin ƙofa? Wanke shi wajibi ne a kanka yanzu, kafin biyan lita ɗaya. In za ka iya kawar da zargin ba tare da faɗin sunanka ba, kuma ba da sabuwar ƙarya ba, to. In ba zai kawu ba sai da ka amsa laifinka, ka amsa, ka tafi da wani dattijon da maigidan ke jin nauyinsa. Mai yiwuwa ka rasa aikin, ba zan ɓoye maka ba.

Wanda kake kai wa man, in ya san daga inda yake fitowa, ɓarawon zaune ne, cinikinsa haram, ka yanke hulɗa da shi yau, domin shi ne zai riƙa kiranka idan ka yi kwana biyu ba ka zo ba. Kuma ka ji tsoron Allah a kan ranka. Fetur in ya sarƙe mai zuƙa ya gangara huhu yana iya kashewa, tururinsa kuma yana kama wuta daga nesa, ba sai harshen wuta ya taɓa jarkar ba. Mutum ya ajiye shi a ɗakin da yara ke kwana, ana girki a ƙofa, saboda lita biyar!

Albashinka na wata biyu kuwa ka neme shi da rana tsaka, da bakinka, ka nemi ƙari ma, ka kawo masa lissafin abin da sufuri da cefane ke ci maka. In ya ce babu hali, ku sa ranar biya a rubuce da shaidu biyu. Ɗalibin nan kuma ka gaishe shi, ka ce ya koma wurin malaminsa ya karanta sharuɗɗan mas'alar kafin ya sake ba wani direba ita.

Wallahu a'alam.