Tacewa daban, musaya daban

Ɗiyata, saƙonki ya iso, kuma na yi dariya da na karanta. Kin ce tun kina ƙarama kike ganin kakarki ba ta zuba ruwa a randa sai ta ɗaura farin ƙyalle a bakinta, in ruwan ya yi laka ta daka 'ya'yan zogale ta watsa. Yanzu da kike karatun sinadarai a Yamai kina tambaya, ko wannan al'ada na raba ruwa da yuraniyom, tunda mun daɗe a Arlit, garin da ake haƙo shi?

Ba ta rabawa. Amma kada ki raina ta.

Ƙyalle na tare abin da ke yawo a ruwa: laka, ƙwari, har ƙananan halittun da ke ɗauke da kurkunu. Zogale kuwa tattara dattin yake ya kwantar da shi a gindin randa. Abin da ya narke fa, ya wuce ƙyalle. Jiƙa gishiri ki tace sau goma, ki ɗanɗana. Haka yuraniyom yake, ruwan zai fito garau alhali yana ciki. Tafasawa ma ba ta korarsa, ruwan ne ke ƙonewa ya bar shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 30 a lita ta ruwan sha, kuma ƙoda yake fara taɓawa.

Abin da ya narke sai an yi masa ciniki. Akwai wasu ƙwayoyin roba da ake kira rezin, girmansu bai kai ƙwayar gero ba. Na taɓa dumbuzarsu a hannu, jiƙaƙƙu, suna santsi kamar ƙwan kifi. Idonki zai ce dunƙulallu ne, amma cikinsu ƙofofi ne birjik, ruwa na shiga yana fita. A jikin kowace ƙofa akwai gurbin da ke riƙe da sinadarin kulorayid, riƙon da bai yi ƙarfi ba. Shi kuma yuraniyom ba ya tafiya shi kaɗai a ruwa, yakan haɗu da salfet in a asid ne, ko kabonet in a ruwan ƙasa ne, su zama dunƙule mai cajin da gurbin ya fi so. Da ya iso sai gurbin ya saki na hannunsa ya cafke shi. Ba ni gishiri in ba ka manda ke nan.

A wurin haƙar yuraniyom, in an jiƙa dutse da asid ya narke a ruwa, ana cika dogon tanki da ƙwayoyin, a bi da ruwan ta ciki sannu a hankali. In sun ƙoshi, sai a wanke su da ruwan gishiri mai kauri ko asid, su amayar da abin da suka haɗiye cikin ruwa kaɗan. Daga nan a zuba wani sinadarin, ya kwanta ya zama garin nan rawaya da kika ga ana durawa a ganguna. Ƙwayoyin kuma su koma bakin aiki.

Afirka ta Kudu ta fara wannan tun 1952, daga ragowar dutsen da aka cire wa zinariya. Kazakistan, wadda ta fi kowa haƙo yuraniyom a yau, ba ta ma fasa dutse: ta rijiya ake tura asid, a zuƙo ruwan ta wata rijiyar, a miƙa wa rezin. Mu a Arlit, inda aka fara fitarwa a 1971, da Akokan da ta biyo baya a 1978, wani sinadari mai kama da mai aka fi dogara da shi wajen tsamo shi.

Wani abu da zai ba ki mamaki, rabin aikin nan kakarki ta iya shi. Kin tuna tukunya mai huji da take cikawa da toka, ta zuba ruwa, yana ɗiga a kasko don miya? Jiƙa dutse da asid ke nan, babu bambanci a dabara.

Saboda haka ki bar mata ƙyallenta, kada ki je hutu kina yi mata lacca. Rijiyar da kike shakka kuwa, ɗebi ruwanta a kwalba mai tsabta ki kai ɗakin gwaji na jami'arku. Ki gaida mahaifiyarki.